HARAJIN CINIKIN INTANET A AMURKA: Abin Da Ɗan Kasuwa Zai Lissafa Kafin Ya Biya

Tun daga shekarar 2018, mai sayen kaya a kasuwannin intanet na ƙasar Amurka ya daina tsira daga harajin ciniki kamar yadda ya saba a da. A yayin biyan kuɗi akan ƙara masa harajin jihar da za a kai kayan, a wasu jihohin har da haraji a kan kuɗin dako, kuma ba a la'akari da cewa kayan sabo ne ko na hannu.

Wannan sauyi ya shafi 'yan kasuwar Nijeriya masu sarin wayoyin hannu, kwamfutoci da kayan gyaran mota daga eBay da Amazon domin kawowa kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja, Alaba ta Legas da Farm Centre ta Kano. Da yawa daga cikinsu ba kai-tsaye ake aiko musu da kaya ba. Sukan ba da adireshin siton wani kamfanin dako da ke Amurka, inda ake tara kayan kafin a loda su a jirgi. A idon hukumomin haraji na can, wannan adireshi shi ne inda ciniki ya faɗa, kuma shi ke yanke yawan abin da za a karɓa.

YADDA HARAJIN YAKE

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta karɓar harajin ciniki. Jihohi ne ke da wannan iko, kuma 45 daga cikin 50, haɗe da gundumar babban birni, Washinton, suna karɓa. Biyar ɗin da ba su da shi su ne Delaware, Oregon, Montana, New Hampshire da Alaska, ko da yake a Alaska an yarje wa garuruwa su aza nasu.

Kowace jiha da adadinta. Kalifoniya na karɓar kashi 7.25 cikin ɗari, New Jersey kashi 6.625, Teksas kashi 6.25, Maryland da Filorida kuwa kashi 6. A kan wannan ne gundumomi da birane ke ɗora nasu kason a yawancin jihohi, ta yadda mai saye a birnin Houston na Teksas ke biyan kashi 8.25, na birnin Niyok kuma kashi 8.875. Hukumomin da ke da ikon aza irin wannan haraji a faɗin ƙasar sun haura 10,000.

Ba kowane kaya ne ake yi wa haraji ba. Jihohin Pennsylvania, New Jersey da Minnesota sun yafe shi a kan mafi yawan tufafi, Niyok kuma ta yafe nata kason a kan tufa ko takalmin da kuɗinsa bai kai dala 110 ba. Kayan lantarki da kayan gyaran mota, waɗanda su ne suka fi jan hankalin masu sari daga Nijeriya, ba sa cikin irin wannan rangwame.

SHARI'U UKU DA SUKA SHATA HANYA

Asalin maganar ya girmi intanet. A shekarar 1967, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tsakanin jihar Illinois da kamfanin National Bellas Hess, mai sayar da kaya ta gidan waya, cewa jiha ba za ta tilasta wa kamfanin da ba shi da kanti, sito ko ma'aikaci a cikinta ya karɓar mata haraji ba. A shekarar 1992 kotun ta sake jaddada wannan matsayi a shari'ar kamfanin Quill, mai sayar da kayan ofis, wanda ke da abokan ciniki kimanin 3,000 a jihar Dakota ta Arewa, yana kuma yin cinikin kusan dala miliyan ɗaya a can a shekara, ba tare da yana da reshe a jihar ba.

Shekaru uku bayan wannan hukunci, wato a 1995, Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet, aka kuma kafa eBay. Ƙa'idar da aka yi domin masu aika kundin tallace-tallace ta gidan waya sai ta zama garkuwa ga wata sabuwar kasuwa da ba a hango girmanta ba. A takarda, harajin bai faɗi ba, domin doka ta wajabta wa mai saye ya lissafa da kansa ya kai wa jiharsa a matsayin harajin amfani da kaya. To sai dai kaɗan ne ƙwarai suke yin haka. Masu kantuna na gari kuwa suka dinga kokawa da cewa jama'a na shigowa su duba kaya, su tambayi farashi, sannan su koma gida su saya a intanet ba haraji.

Jihar Dakota ta Kudu, wadda ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, ta kuma dogara matuƙa a kan harajin ciniki, ita ce ta ɗaura ɗamarar rusa ƙa'idar. A shekarar 2016 ta kafa dokar da ta ce duk kamfanin da ya yi cinikin da ya wuce dala 100,000 a jihar cikin shekara, ko ya yi ciniki sau 200, wajibi ne ya karɓi haraji ko da ba shi da ko rumfa a cikinta. Daga nan ta maka kamfanonin Wayfair, Overstock da Newegg a kotu, tana mai cewa tana asarar tsakanin dala miliyan 48 zuwa 58 a kowace shekara.

A ranar 21 ga Yuni, 2018, alƙalai biyar daga cikin tara na Kotun Ƙoli suka ba jihar gaskiya, suka soke hukuncin Quill. Mai Shari'a Anthony Kennedy ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye, yayin da Babban Joji John Roberts ya jagoranci huɗun da suka saɓa, bisa hujjar cewa majalisar dokoki ce ya kamata ta yi wannan gyara. Cikin ɗan lokaci sauran jihohi suka bi sahu, kowace da iyakar da ta gindaya. Kalifoniya da Teksas sun sa dala 500,000, ita kuwa Dakota ta Kudu ta janye sharaɗin ciniki sau 200 a shekarar 2023.

AN ƊORA WA DILLALI NAUYI

Hukuncin shi kaɗai bai isa ya kama ƙananan masu sayarwa ba, domin mutumin da ke sayar da tsofaffin wayoyi goma a wata ba zai taɓa kai iyakar dala 100,000 ba. Saboda haka jihohi suka ɓullo da wata dabara, suka juya kan dillalin da ke haɗa mai saye da mai sayarwa. Sababbin dokoki suka ce kasuwar intanet da ciniki ya gudana a kanta, kuma kuɗi suka bi ta hannunta, ita ce za ta karɓi harajin ta miƙa wa jiha, tamkar ita ce mai kayan.

Jihar Washinton ce ta fara aiki da irin wannan doka a farkon shekarar 2018. Filorida ta shiga a watan Yuli na 2021, Missouri kuma ta zama ta ƙarshe a watan Janairu na 2023. Daga wannan lokaci babu wata jiha mai harajin ciniki da ta rage.

Abin da wannan ke nufi ga mai sari shi ne, babu sauran amfani a roƙi mai kaya ya yafe haraji, domin ba ya shiga hannunsa, ba shi ma da ikon cire shi. Na'urar kasuwar ce ke duba adireshin da aka bayar, ta lissafa, ta ƙara a kan rasit. Wanda ke sayar da kaya a eBay kuwa yana da nasa abin lura, domin la'adar da kamfanin ke cira ana lissafa ta ne a kan jimillar abin da mai saye ya biya, har da kuɗin dako da harajin.

KUƊIN DAKO

A nan ne jihohi suka fi rarrabuwa. Niyok, New Jersey da Teksas suna ɗaukar kuɗin kai kaya a matsayin wani ɓangare na farashi. Muddin kayan na cikin waɗanda ake yi wa haraji, kuɗin dakonsu ma za a yi masa, ko da an rubuta shi a layinsa daban. Kalifoniya kuwa tana yafewa idan an ware kuɗin dako a rasit, aka aika da kayan ta gidan waya ko wani kamfanin sufuri mai zaman kansa, kuma abin da aka caji mai saye bai wuce ainihin abin da aka kashe ba. Amma ladan ɗauri da shirya kaya ba ya cikin yafiyar. A Filorida, sharaɗin shi ne a ware kuɗin a rasit, kuma a ba mai saye zaɓin ya ɗauki kayansa da kansa.

Misali zai fito da bambancin fili. A ɗauka ɗan kasuwa ya sayi wayoyi na hannu na dala 1,000, aka caje shi dala 40 kuɗin kai su sito. Idan siton yana birnin Niyok, harajin zai hau kan dala 1,040, ya kama dala 92.30. Idan a Houston yake, dala 85.80 ne. A New Jersey, dala 68.90. A Delaware ko Oregon kuwa ko sisin kwabo ba za a karɓa ba. Kaya ɗaya ne, mai sayarwa ɗaya, adireshi kawai ya bambanta. Ga wanda ke juya jarinsa sau da yawa a shekara, ribarsa a kan kowace waya kuma ba ta taka kara ta karya ba, wannan tazara na iya cinye kaso mai tsoka na abin da ya sa ran samu.

Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin tara kaya da dama suka buɗe sito a Delaware da Oregon. Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba. Idan kamfanin dakon da ɗan kasuwa ya saba da shi yana lodi ne daga Houston ko Niyok, za a sake biyan kuɗin mota daga siton zuwa wurin lodi, ga kuma jinkiri. Kaya masu tsada marasa nauyi, kamar wayoyi da agogo, su ne suka fi cin moriyar jihar da ba ta da haraji. Ga kaya masu nauyi da arha, irin su ƙarafan mota, kuɗin ƙarin sufuri na iya zarce harajin da ake gudu.

KAYAN HANNU BA SU TSIRA BA

Tambayar da masu saye suka fi yi ita ce, me zai sa a karɓi haraji a kan kwamfutar da mai ita na farko ya riga ya biya tun tana sabuwa? Amsar tana cikin yadda aka gina dokar. Harajin yana hawa ne a kan ciniki, wato a kan kowane sauyin hannu da aka yi da kuɗi zuwa ga mai amfani. Idan kaya ya sauya hannu sau uku, sau uku za a karɓa, kowane karo bisa farashin da aka sallama.

Jihohi da dama suna da rangwame ga abin da ake kira cinikin jefi-jefi, kamar magidancin da ya baje tsofaffin kayan ɗakinsa a ƙofar gida sau ɗaya a shekara. Kafin dokokin dillalai, irin wannan mutum kan sa kayansa a eBay ba tare da an caji mai saye komai ba. Yanzu da yake kasuwar ce doka ke kallo a matsayin mai sayarwa, ita kuwa ciniki ne sana'arta, wannan rangwame ba ya aiki a kanta a mafi yawan jihohi.

Motoci suna da nasu tsari. A yawancin jihohi, mai sayen mota ta hannu daga wani mutum yana biyan harajin ne a ofishin rajistar motoci, lokacin da zai sauya takardu zuwa sunansa. Dillalan Nijeriya da ke saye a gwanjon Copart da IAA ba rajista za su yi a can ba, don haka abin da ake nema a wurinsu shi ne shaidar cewa dillalai ne masu lasisi ko kuma shaidar cewa motar ta bar ƙasar.

Turai ta bi wata hanya daban a kan kayan hannu. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, dillalin da ya sayi tsohon kaya daga hannun mutum na iya biyan harajin VAT a kan tazarar da ke tsakanin yadda ya saya da yadda ya sayar kawai. Amma su ma sun toshe ƙofar ƙananan ƙunshin kaya daga waje. Ingila ta fara karɓar VAT a wurin biyan kuɗi a kan kayan da ba su wuce fam 135 ba daga Janairun 2021, Tarayyar Turai kuma ta soke yafiyar da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba a watan Yuli na wannan shekarar.

ƘOFOFIN DA DOKA TA BARI A BUƊE

Harajin ciniki an yi shi ne domin mai amfani na ƙarshe a cikin jiha, saboda haka mai sari da mai fitar da kaya waje suna da mafita ta halal. Ta farko ita ce a aiko da kayan kai-tsaye zuwa Nijeriya. Idan mai sayarwa ya miƙa kayan ga kamfanin sufuri da adireshin Legas ko Abuja a jiki, babu jihar da za ta karɓi komai. Matsalar ita ce masu sayarwa da yawa ba sa aikawa waje, waɗanda suke yi kuma kuɗin dakonsu na da tsada.

Ta biyu ita ce takardar shaidar sari, wadda ke nuna cewa an sayi kayan ne domin a sake sayarwa. Amazon da eBay duk suna da tsarin da mai riƙe da wannan takarda zai gabatar da ita, a daina cajinsa. Samunta kan buƙaci rajista da hukumar harajin jiha, sharuɗɗan kuma sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Yin amfani da takardar wani, ko sayen kayan amfanin kai da ita, laifi ne da ke jawo tara.

Ta uku ita ce shaidar fitar da kaya. Wasu jihohi suna yafe harajin ko su mayar da shi idan an nuna takardar lodin jirgi. A Teksas, wakilin kwastan mai lasisi na iya ba da takardar da ke tabbatar da cewa kaya sun fita, a karɓo harajin da aka biya. Duk waɗannan hanyoyi sun rataya ne a kan takardu, kuma wanda ya yi wasa da rasit ɗinsa ya yi wasa da haƙƙinsa.

IDAN KAYA SUN ISO GIDA

Harajin da aka biya a Amurka ba ya rage komai daga abin da ke jiran kaya a Apapa, Tin Can ko filin jirgin sama. Hukumar Kwastan ta Nijeriya tana lissafa kuɗin fito ne a kan kuɗin kaya haɗe da inshora da kuɗin jirgi. Ke nan, a nan gida tambayar ko ana yi wa kuɗin dako haraji ba ta ma taso ba. Jadawalin kuɗin fito na bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS yana da matakai biyar, wato sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, gwargwadon nau'in kaya. Bayan haka ne ake ɗora VAT a kan jimillar, har da kuɗin fiton kansa.

Idan kayan da darajarsu da kuɗin jirginsu suka kama dala 1,200 sun faɗa matakin kashi 20, kuɗin fito zai zama dala 240. VAT na kashi 7.5 a kan dala 1,440 zai zama dala 108. Jimilla dala 348 ke nan, ba a sa sauran ƙananan kuɗaɗen hukuma da ladan wakilin fito ba. A watan Satumba na 2025 hukumar ta sanar da yafe kuɗin fito a kan ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, amma an taƙaita shi zuwa sau huɗu a shekara, abin da ke nuna cewa mai saye don amfanin kansa aka nufa.

Kayan hannu suna da ƙarin shinge. Doka ta haramta shigo da tufafin gwanjo, tsofaffin tayoyi, da tsofaffin firiji da na'urorin sanyaya ɗaki. Masu shigo da tsofaffin kayan lantarki suna ƙarƙashin sa-idon hukumar kare muhalli ta NESREA. Motoci kuwa, tun shekarar 2022 kwastan ta koma ƙiyasta darajarsu ta lambar da masana'anta ta buga a jikinsu, don haka arhar da aka samu a wurin gwanjo ba lallai ba ne ta bayyana a takardar kuɗin fito.

Ita ma Nijeriya ta taɓa samun harajin ciniki irin na Amurka. Dokar soja mai lamba 7 ta 1986 ce ta kafa shi, jihohi kuma ke karɓa. Doka mai lamba 102 ta 1993 ta maye gurbinsa da VAT na kashi 5 daga 1 ga Janairu, 1994, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairu, 2020. Dokar Kuɗi ta 2021 ta bi sawun abin da ya faru a Amurka da Turai, inda ta ɗora wa kamfanonin waje da ke ciniki da 'yan Nijeriya ta intanet alhakin karɓar VAT, abin da masu biyan kuɗin talla a Facebook da Google suka gani a rasit ɗinsu. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025 sun bar adadin a kashi 7.5, sun kuma maye gurbin hukumar tara haraji ta FIRS da sabuwar hukuma mai suna NRS.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Kafin ɗan kasuwa ya taya kaya a intanet, yana da kyau ya san jihar da siton wakilinsa yake, ya san ko tana yi wa kuɗin dako haraji, ya tabbatar ko wakilin zai ba shi shaidar fitar da kaya, sannan ya duba matakin kuɗin fiton da kayan suka faɗa da kuma ko an halatta shigo da su. Idan ya haɗa waɗannan da canjin dala na ranar, a nan ne zai ga ainihin kuɗin da kayan za su tsaya masa a shago, ya kuma san iyakar da zai tsaya a wurin tayi.